Darasi na Arba'in

Malko Orehovo, 12 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga 'yar ƙanwata Nevena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Ingila. Ni dai ina nan ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke gaya min za a yi ruwa tun kafin rediyo ta faɗa. Kunne kuwa yana nan yadda kika bar shi. Shekara talatin da takwas ina juya wa jirgin ƙasa layi, kukansa ya cinye rabonsa. Saboda haka ki daina buga wayar Donka mai kai wasiƙu. Ran nan ta kara min ita a kunne, abin da na ji kamar ƙuda ya faɗa kwalba, na yi ta cewa "to, to" har kika kashe. Rubutu ya fi min.

Na gasa barkono na cika kwalabe, na shigar da itace. Zuma ta yi albarka bana. Akwatunan ƙudan zuma goma sha ɗayan nan duk sun shiga sanyi da ƙarfinsu.

Yanzu ga abin da ya sa ambulan ya yi nauyi. Kin tuna ranar da za ki tafi, a tashar mota, bayan Donka ta zuba ruwa a gabanki don hanya ta yi kyau? Kika ciro littafin nan na Turanci mai darasi arba'in, wanda kika rubuta wa ɗalibanki kafin a rufe makaranta, kika danƙa min. Kika ce, "Kawu, ranar da ka gama wannan na ba ka maki shida, wanda babu sama da shi, zan aiko maka da tikiti ka zo ka zauna wurina." Mutane suka kwashe da dariya, ke ma kika yi. To ni ban yi ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan kullum in na gama da ƙudan zuma sai in zauna a teburin kicin. Ga darasi talatin da tara nan, duk na amsa tambayoyinsu. Ban gaya miki ba don ina so in ga ko kan zai ɗauka. Ki duba su da jan bironki, kada ki ji tausayina.

Donka ta ce, "Baba Stoil, kai da ko ka ji Turancin ba za ka ji shi ba, me za ka yi da shi?" Na ce zan karanta allon tasha da shi, in tambayi hanya, su kuma su nuna min da yatsa. Tun rasuwar matata Ginka gidan nan ya yi min faɗi, Nevena. Ba na ƙorafi, faɗa kawai nake yi. A ƙauyen nan mu ashirin da uku muka rage, kuma duk wanda na tsaya da shi sai ya tambaye ni labarin Malama da ke koyar da Turanci a ƙasar masu Turancin.

Saura darasi ɗaya.

Kawunki,
Stoil

*

Spalding, 8 ga Nuwamba, 2015

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Donka da duk mutanen gari. Lafiyata lau. Ka riƙa ɗaure gwiwar da ulu, kuma ka daina hawa tsani kai kaɗai.

Ka kashe min baki. Na buɗe ambulan na ga takardu, na rasa ta inda zan fara. Na duba su duka kamar yadda ka ce, ban ɗaga maka ƙafa ba. Shida a guda ashirin da biyu, biyar a sauran. Da yaran da na koyar sun yi rabin wannan ƙoƙari, da ban yi furfura da wuri ba. Rubutun naka dai har yanzu irin na littafin tasha ne, kowane harafi a tsaye kamar soja.

Amma ka bi darasi na arba'in a hankali. Shi ne na aikatau da ƙananan kalmomin nan da ke binsa, kuma shi ne ya fi kayar da ɗalibai. Babu gaggawa. Sanyin nan ba na tsoho ba ne, ga ruwa ba ya tsayawa. Aiki kuma ya yi min yawa a wannan zangon, shi ya sa za ka ga rubutuna ya karkace, hannun ne ya gaji.

Na gode da zumar da ka ba direban mota ya kawo min. Na ɗanɗana wa abokan aiki.

'Yarka,
Nevena

*

Spalding, 8 ga Nuwamba, 2015
Wannan ba a aika da ita ba.

Kawu,

Na rufe waccan, na lashe ambulan. Yau Lahadi, matan da muke ɗaki ɗaya sun tafi kasuwa, bari in faɗa wa takarda abin da ba zan iya faɗa maka ba.

Babu makaranta. Ba a taɓa yin ta ba. Albasa nake yankewa. Daga safe zuwa yamma ina tsaye a wata rumfa mai sanyi, albasa na wucewa ta gabana, in datse saiwa, in datse lawashi, in jera a kwali. Abin da ya karkatar da rubutuna ke nan. Inda nake kwana kuma wani ɗakin kwano ne mai taya a bayan gona, mu huɗu. Gadona na sama ne, in na zauna kaina na taɓa rufi.

Na nemi aikin koyarwa, wallahi na nema. Amma tun ranar farko na san abin da ke jirana. Na hau mota na yi wa direba tambaya da cikakkiyar jimla, irin wadda zan ba maki shida. Ya amsa min da kalma huɗu, duk 'yan guntaye, ban kama ko ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ina koyar da harshen da ban taɓa jin mai shi ya yi ba. Su a nan ba sa amfani da manyan kalmomin da muka haddace. Maganarsu duk darasi na arba'in ce, kuma da gudu.

Ka san wa ke fassara min? Radko ɗan Mitra mai burodi, wanda na kayar sau biyu a kan wannan darasin. Shi ne shugaban layinmu. Yana zuba Turanci kamar a bakinsa aka haife shi, ko da yake har yau bai iya rubuta sunan ranar Laraba ba. Da ma wulaƙanta ni yake yi, da na sami sauƙi. Amma duk sanda na shiga ɗakin shan shayi sai ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu, Malama." Mata suka fara kirana Malama su ma, suna dariya. Na ce masa, "Radko, don Allah ka daina." Ya ce, "Malama, ƙafata ce ba ta jin magana." Na roƙe shi kada ya gaya wa mahaifiyarsa, ya yi alkawari.

Wasa na yi maka a tasha, Kawu. Ina zan kai ka? Kai ne ka sayar da saniya ka kai ni jami'a. Ba zan iya tsayawa a gabanka da wuƙar albasa ba.

*

Malko Orehovo, 6 ga Disamba, 2015

Malama Nevena,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau, dusar ƙanƙara ta sauka tun jiya, hanya ta toshe daga gada. Na ɗaure gwiwa da ulu kamar yadda aka umarta.

Maki shida har sau ashirin da biyu! Na kai takardun shagon Petko na baje su a kan kanta. Ya ce, "Kai da ka gama aji bakwai da ƙyar?" Na ce lokacin malamin ne bai iya ba. Ya zuba min giyar gida ƙaramin kofi, bai karɓi komai ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka gina shagon.

To na shiga darasi na arba'in, kuma gaskiyarki. Wane irin mutane ne waɗannan? Ka san kalma sarai, ka san "bayarwa" ce, sai su liƙa mata 'yar jela, wai up, shi ke nan ta koma "haƙura". In sukarinsu ya ƙare, wai sai su ce sun ruga waje daga sukari. Ina za su? Kwana uku ina fushi da su. Daga baya na gane abin aikina ne. Jirgi ɗaya ne, ɗan ƙarfen da ka juya a ƙasa shi zai sa ya nufi Burgas ko ya nufi Ruse. Da na gane haka sai muka shirya.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne inda jelar za ta zauna, gaban kayan ko bayansu. Mutumin nan na tambaya ta bakwai da ya shiga ɗaki ya cire hularsa, na cire masa ita ya fi sau hamsin. Yanzu in na shigo daga waje ni ma sai in cire tawa da Turanci, in kunna fitila da Turanci, in kashe ta da Turanci. Kyanwa na kallona kamar na taɓu.

Ga tambayoyi ashirin nan na amsa. Na tambayi Donka yadda ake yin fasfo, ta ce katin shaida ma ya isa. Na ciro kwat ɗin da na yi bikin Ginka da shi, ya yi min yawa, zan kai wa tela ya rage. Ba na cin abinci da yawa, kuma ba na minshari, duk abin da marigayiya ta gaya miki ƙari ne. Ki ba ni lungu ɗaya da taga.

Kawunki,
Stoil

*

Spalding, 3 ga Janairu, 2016

Kawu,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina lafiya, sai ɗan mura.

Ka yi haƙuri, wannan karon biyu ka samu, ka faɗi ke nan. Na gaya maka darasin mugu ne. Ka duba inda na ja da ja, yawanci wurin zaman ƙaramar kalmar ne ka kuskure. A tambaya ta bakwai, bayan hula take zuwa. Ka sake yin su duka, amma ka huta tukuna, ka bari ido ya sarara. Maganar tela kuma ka dakata da ita.

Na yi Kirsimeti a gida, ban je ko'ina ba. Na dafa wake irin namu, bai yi daɗi ba, ganyen da ake sawa babu shi a nan.

Nevena

*

Malko Orehovo, 14 ga Fabrairu, 2016

Nevena,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ki. Ni lafiya, tari ne kawai da safe.

Biyu ta farko na haɗiye ta. Na ce daidai ne, malama ba ta san kawu ba. Ta biyun da ta iso makon jiya ita ce ta zaunar da ni. Petko ya tambaye ni ya sakamako, na ce kunnena ba ya ji. Ya ɗaga murya, na ce yau ya fi kullum toshewa.

Na yi tunani na gano laifina. Hankalina biyu ne, rabi a littafi rabi a bayan gida. Mutumin da zai yi tafiya ba ya barin abin da zai riƙa jan rigarsa. Saboda haka na sayar da ƙudan zuma. Shukri na ƙauyen sama ya daɗe yana so, kuma yanzu ne lokacin ɗaukarsu, tun suna dunƙule ba su fara fita ba. Shekaranjiya da sanyin safiya ya zo da keken doki, muka toshe ƙofofin da ciyawa muka ɗora. Ya ce, "Stoil, ka tabbata? Shekara arba'in fa." Na ce, "Ɗaure igiyarka, 'yata na jirana." Mutumin kirki ne, ya san hannunsu. Na raka keken har gada, sannan na dawo.

Bayan gida ya yi wani iri. Bulo ne kawai a jere, da tabon inda kowane akwati ya zauna. Na sha kama kaina ina kasa kunne, ni da ba na ji.

Ga amsa ta uku nan. Na yi kwana tara a kanta, na rubuta ta sau huɗu kafin in kwafe da kyau. In ma wannan ba ta yi ba, to ki gaya min inda kan nawa ya lalace. Ina so in zo kafin bikin Ista. Tela ya gama kwat.

Kawunki,
Stoil

*

Spalding, 24 ga Fabrairu, 2016

Kawu,

Ina gaishe ka. Lafiya lau nake, amma wasiƙarka ta tayar min da hankali.

Me ya sa ka sayar da su? Wa ya ce ka sayar? Don girman Allah ka je wurin Shukri gobe ka ce ka fasa. Ka ce ni na hana. Kada ka sayar da komai kuma, ko cokali.

Takardar ta fi na baya, amma har yanzu da saura. Biyu ce. Ba zan iya ba ka abin da zai sa ka hau mota ba tukuna. Kawu, nan ba yadda kake zato ba ne. In na tuna ranar da za ka tsaya a ƙofata da kwat ɗin nan, mutane suna kallo, kunya ce take rufe ni har in rasa inda zan sa kaina. Ka ba ni lokaci.

Nevena

*

Malko Orehovo, 9 ga Maris, 2016

Nevena,

Gaisuwa. Ina da rai da lafiya.

Ga zaren ja da fari na shigowar Maris. Ya makara, amma ban taɓa fasa ɗaura miki ba tun kina goye, ba zan fara bana ba.

Ni mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana gwada abin da aka rubuta da abin da ya wuce ta gabansa. Da takarda ta uku ta dawo, sai na jera su duka a tebur. A ta farko na sa jelar gaban hula, kika ja da ja, kika ce baya take zuwa. A ta biyu na sa ta baya, kika ja da ja. A ta uku na mayar da ita gaba, kika sake ja. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙwan sarauniyar zuma da shi, na bi littafinki layi layi. A ƙasan shafi na ɗari da goma sha biyu akwai ɗan rubutu da tawada ta kusa gogewa. Ke kika rubuta da hannunki cewa in sunan abu ne, gaba da baya duk daidai ne. Na bi sauran tambayoyin da wannan ma'auni. Kuskure ɗaya na samu a takarda ta farko, a ta ukun babu ko ɗaya.

Na rasa dalili, sai na sake karanta wasiƙarki, na ga ashe kin faɗa min ƙarara. Kunya.

Ban ga laifinki ba. Na san kaina. Tsoho ne mai warin hayaƙi, haƙora shida, mai shan miya da ƙara, mai cewa "iye?" sau uku. Ba irin wanda ake shigarwa ɗakin malamai a ce ga kawuna ba. Amma da kin ce min, "Kawu, zauna a gida," da na ji zafi kwana biyu ya wuce. Ranar da na kai ki jarrabawa a Plovdiv, a bakin ƙofa na tsaya awa biyar don kada ƙawayenki su ga kayan ma'aikacin jirgi a jikina. Ba ki roƙe ni ba, ni na ga ya dace. Na iya tsayuwa a waje, Nevena. Abin da ban iya ba shi ne a mayar da ni jakin aji alhali na ci.

Ba zan je wurin Shukri ba, abin da aka sayar an sayar. Kwat na mayar da shi cikin akwati. Ga takarda ta ukun nan na mayar miki, ba zan sake damun ki da takardu ba.

Stoil

*

Spalding, 17 ga Afrilu, 2016

Kawuna,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Jikina lafiya.

Mako biyar wasiƙarka na cikin aljihun rigar aikina. Na fara amsa ya fi sau goma ina yagawa. A cikin ambulan nan akwai wata takarda da na rubuta tun Nuwamba ban aika ba. Ka ajiye wannan, ka karanta waccan tukuna, sannan ka dawo.

To ka ji. Wannan ita ce ƙofar da nake jin kunyar ka tsaya a gabanta. Kunyar kaina ce, Kawu. Kai kuwa da za ka shigo rumfar nan da haƙoranka shida, da na hau kan kwali na gaya wa kowa ko kai wane ne.

Sau uku ina riƙe da takardarka ina neman kuskuren da zai kayar da kai ban samu ba, sai in ƙirƙira. Shekara ashirin da shida ban taɓa cin hakkin ɗalibi ba, ko ɗan shugaban gari bai sami rabin maki a banza a hannuna ba. Sai a kanka na fara. Na ɗauka in na ja lokaci zan sami aikin kirki da ɗaki mai taga, ƙaryar ta zama gaskiya kafin ka iso. Ban taɓa kawo wa raina za ka taɓa ƙudan zuma ba. Ranar da na karanta zancen keken Shukri na yanke yatsa a wurin aiki. Radko ya ɗaure min, ya ce, "Malama, wani ya mutu ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki yi kukanki, zan tsaya a layinki." Ya tsaya min rabin awa.

Zaren yana hannuna. A gida da tuni na ga shamuwa na cire shi na ɗaura a reshe. Nan babu shamuwa, na duba sama har wuyana ya gaji, shi ya sa yana nan ya yi baƙi da ruwan albasa.

Ga takardarka ta uku na sake dubawa. Na soke biyun, na rubuta shida, na sa hannu da kwanan wata. Tun Disamba ka ci. Alkawari kuma yana nan: in ka ce in aiko da tikiti zan aiko. Amma ɗakin na mata ne, ba za a bar ka ka kwana ba, kuma ni daga safe zuwa yamma ba na nan. Ba ni da lungu, ba ni da taga. In ka ga dama ka gaya wa mutanen gari, na gaji da riƙon abin.

Ka yafe min, ko kada ka yafe, amma ka rubuto. Wasiƙunka kaɗai ke zuwa da sunana a wurin nan.

'Yarka,
Nevena

*

Malko Orehovo, 8 ga Mayu, 2016

'Yata Nevena,

Bayan gaisuwa, yaya yatsan? Ki riƙa shafa masa zumar nan, in da saura. Ni lafiya, gwiwa ta yi sauƙi da aka sami rana.

A bakin ƙofa na karanta takardunki, a tsaye, Donka na jiran labari. Ta ce, "Me Malama ta ce?" Na ce, "Ta ba ni shida." Ta yi guɗa ta tafi ta baza a gari. Abin da na gaya musu ke nan, kuma gaskiya ne. Sauran naki ne, in kin zo ki faɗa da bakinki ko ki bari.

Fushin ya fi sauƙi, ban ɓoye miki ba. Da ina fushi ina cin abinci. Da na san a gadon sama kike kwana kanki na taɓa kwano, kwana biyu tukunya ba ta hau wuta ba. Wawiya. Kin ɗauka don allo na sayar da saniya? Ni ban san allo ba. Yarinya na gani mai son karatu, uwarta ta rasu, na ce kada ta zauna. Ki gaya wa ɗan Mitra ya ci gaba da miƙewa, in ya daina zai gamu da ni.

Ba zan zo ba. Na auna ta kowace fuska. In na zo, wani nauyin zan zame miki, ki tashi daga albasa ki shiga neman inda za ki ajiye tsoho. Ki riƙe tikitin, ki taho gida da shi da kanki in kin ga lokaci ya yi. Ɗakinki na nan, ina buɗe shi ya sha iska.

Na je wurin Shukri ranar Laraba, ba don in karɓo ba, don in gani. Sun saba da tudunsa, suna ta aiki, babu wanda ya kula ni. Ya ce in ɗauki biyu, na ce a bar su, sun riga sun koyi hanya. Na dawo na kwashe bulon, na shuka wake a wurin.

Littafin ya ƙare, Nevena. Na buɗe bayan darasi na arba'in na ga bango. Kullum da yamma ina zama a tebur da fensir, in rasa abin yi. Shekarata saba'in da tara ban taɓa rubuta wa mutum wasiƙa haka kawai ba, sai da dalili. Yanzu ni ba ni da takardar aikowa, ke ma ba ki da abin dubawa. To ga yadda za mu yi. Ki rubuto min abin da kika ci jiya, da wanda kika yi magana da shi. Kada ki gyara komai. In babu kowa, ki rubuta babu kowa.

Ni zan fara. Jiya miyar wake na ci da burodi. Babu kowa.

Kawunki,
Stoil